Ranar da Ilu Ya Tafi Farauta da Jinkar Rumbu

Kowa a ƙauyenmu, nan gefen Kurugu, ya san Ilu, kuma ba don noma aka san shi ba, don noman gidansu ƙanensa Sulle ne ke yi. An san shi ne da wata bakwai da ya yi yana bin masu safiyo, lokacin da aka zo auna ƙasa kafin a fara aikin dam. Shi ke ɗaukar musu kaya, shi ke riƙe musu sandar nan mai fenti ja da fari, kuma a bakin tantinsu yake kwana. A baki na ce, ba a ciki ba. Amma tun da ya dawo gida babu abin da ya shafi daji da bai sani ba, kuma ba ka isa ka ƙarasa magana a dandali bai gyara maka ita ba.

Ni maƙwabcinsu ne, danga ɗaya ce tsakaninmu, kuma da hannuna a cikin abin da ya faru. Shi ya sa har yau in na tuna, sai na fara jin haushin kaina kafin dariya ta zo.

Kakar wannan shekara gero ya yi kyau. Gandun da mahaifinsu ya bar musu, wanda suke ci a tukunya ɗaya tun rasuwarsa, ya ba da amfani har babban rumbun tsakar gida ya cika zuwa wuya, dami a kan dami. Abincin mutum goma sha ɗaya ke nan har wata kakar, kuma babu wani a bayansa, don dawarsu ciyawar wuta-wuta ta cinye ta tun tana ƙarama. Sulle da hannunsa ya yi wa rumbun sabuwar jinka, wato hular ciyawar nan mai tsini da ake kifa masa a ka. Kwana shida ya yi yana ɗaurinta, Ilu na zaune a inuwa yana nuna masa inda ta karkace.

Ana cikin haka sai labari ya zo cewa an ga barewa uku suna kiwo a fakon da ke tsakaninmu da hanyar Gwangwan. Fakon nan fili ne fetal, ba itace ba dutse, sai 'yar sabara nan da can, kuma iska ba ta hutu a cikinsa. In ka ajiye hula ka sunkuya gyara takalmi, sai dai ka aika a tambayi mutanen Beli ko sun gan ta.

Da yamma a dandali aka tambayi Baba Maikuɗi, tsohon maharbin garin, yadda ake kwanton barewa a irin wannan wuri.

"Kwari nake shiga," in ji shi. "In kwanta bayan suri, in ba iska fuskata, in yi shiru."

"Kamar ƙadangare ke nan," in ji Ilu. "Shi ya sa, Baba, shekara arba'in kana farauta har yau ko keke ba ka da shi."

"Ban taɓa ganin keke yana kiwo a fako ba, da na harbo."

Ilu bai ji wannan ba, don ya riga ya gyara zama. Ya ce shi a wurin masana ya koya, kuma abin da ke kashe nama ba bindiga ba ce, mafaka ce. Mafaka ta tare maka iska, ta rufe warinka, ta kuma tsare maka mutunci, ka zauna a inuwa kamar mutum nama ya zo ya same ka. Ya ce kafin Juma'a ta zagayo duk wanda ke zaune a wurin nan zai ci naman barewa, Baba Maikuɗi kuma za a ware masa ƙafa guda don girmamawa.

"Ta gaba ko ta baya?" in ji Baba.

"Wadda ka zaɓa."

"To, Allah ya kai mu."

Bindiga dai akwai ta, wata tsohuwar adaka ta kawunsa, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, rabonta da tashi tun ana kashe fam da sule. Saura mafaka.

Ranar Litinin ya ari tamfol ɗin da Maiturare ke rufe injin niƙansa da shi. Ya kafa sanduna huɗu a tsakiyar fako, ya ɗaure, ya shiga ya zauna. Iska ta zo ta duba aikin, ta fara kaɗa shi fat-fat-fat, ana ji tun daga bakin rijiyar gari, har mata suka ɗauka makaɗa ne suka sauka. Barewa kuwa ko wutsiyarsu bai gani ba. Kafin azahar tamfol ya tashi da sanduna biyu ya je ya rungumi ƙaya. Da la'asar Ilu ya kawo wa Maiturare kayansa a naɗe.

"Ɗaya na ba ka, Ilu. Ya na ga biyu?"

"Ai yanzu ya fi. Ɗaya na inji, ɗaya na buhuna."

A dandali ya bayyana mana cewa kuskuren na tamfol ne, don ba shi da kafar da iska za ta bi ta wuce. Abin da ake bukata shi ne abu mai numfashi.

Ranar Talata da hantsi matarsa Turai ta ɗauki bokiti za ta zagaya wanka, ta tarar da makewayi a tsaye da itatuwansa kawai, zanar da ta kewaye shi babu. Ta tsaya da bokiti a hannu tana gaisawa da masu wucewa, don sun riga sun haɗa ido. Can a fako zanar ma ba ta kai azahar ba. Iska ta kwantar da ita a kan Ilu sau uku, a na huɗu ta naɗe shi a ciki kamar tabarma. Wani mai jaki ne da ya zo wucewa ya warware shi.

"Malam," in ji Turai da ya shigo yana jan abin da ya rage, "barewar nan ita ma wanka take so?"

"Ke ba ki san ilimin iska ba."

"Na san shi yau. A bayan rumbu na raɓe na watsa ruwa, babu inda ilimin bai taɓa ni ba."

Ambaton rumbun nan shi ya jawo komai. Ilu ya ɗaga kai ya kalli jinkar Sulle, ya daɗe yana kallo. Ga ta a kewaye, ba kusurwar da iska za ta kama. Ga ta da ciyawa, tana numfashi. Ga nauyi, ga inuwa, ga mutunci. Turai ta ga kallon, ta ajiye muciya.

"Malam, ko a mafarki."

"Me na ce?"

"Ba ka ce ba, idonka ne ya ce. Damina ba ta gama tafiya ba."

"Shamuwa ta tafi tun makon jiya, da idona na ga sheƙarta ba kowa. Shamuwa ba ta barin gari da ruwa a sama."

"Gwiwata ta ce da saura."

"Gwiwarki ta taɓa zuwa safiyo?"

Ranar Laraba Sulle ya yi sammako zuwa kasuwa can wajen Rogo. Turai da Adama matar Sulle suka tafi barka unguwar gaba. Rana na ɗagawa sai ga Ilu a ƙofar gida yana kiran a kawo hannu. To mu a nan, in magidanci ya tsaya ƙofar gidansa ya ce a kawo hannu a ɗaga jinka, ba a tambayarsa dalili, zuwa ake yi, don gobe kai ne za ka kira. Mu huɗu muka je, har da ni. Ya ce za a gyara mata zama ne. Muka hau, muka ciccibe ta, muka sauke a tsakar gida.

Kafin in sauko daga tsani na leƙa rumbun. Gero ya cika shi, zangarniya fara tas, ƙamshi na tashi, sama a buɗe.

"Ilu, a rufa masa ko da tabarma mana."

"Kafin la'asar hularsa ta koma. Kuma gero na son shan iska, ba ku dai sani ba ne."

Na kalli gabas, ban ga ko ɗigon gajimare ba, na yi shiru na kama hanyar gonata. Wannan shirun shi ne nawa laifin, kuma ban taɓa musun sa ba.

Da muka watse, Ilu ya hau rumfa ya sauke harawar gyaɗar da Turai ta tara wa tumakinta, ya lulluɓe jinkar da ita tun daga tsini har ƙasa. A lissafinsa harawar za ta yi aiki biyu, ta ɓoye mafaka, ta kuma kira barewa. Ya huda kafa ɗaya ta bindiga, ya shiga ƙarƙashi, ya ɗaga da ka da kafaɗu. Ƙofar gida ba ta ci jinkar ba, don haka ya kwance danga ya fita ta cikin gidana, ya taka mini barkono.

Abin da mutanen gari suka gani shi ne tulin harawa mai tsini yana tafe a kan ƙafafu biyu masu takalmin taya, bakin bindiga na leƙe ta gefe. Karen mai unguwa ya yi haushi sau ɗaya, ya sake tunani, ya shige gida. Baba Maikuɗi na zaune a ƙofar masallaci yana gyaran tarko.

"Salamu alaikum, rumbu."

"Wa'alaikumus salamu, Baba. Ni ne."

"Na gane takalmin. Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Ina aka baro sauran rumbun?"

"Yana gida lafiya."

"Ba hula?"

"Shan iska yake."

Baba ya ɗaga kai, ya shinshini sama kamar mai neman inda ake toya ƙosai.

"Ilu, in ka je ka shiga kwari. Kuma in ka ji iska ta tsaya cik, ka ɗauko kayan mutane ka dawo da gudu."

"Iskar da za ta tsaya kuma mece ce abin tsoro a cikinta? Baba, ka dai yanke shawara kan ƙafar nan kafin in dawo."

Jinka ta juya ta kama hanya, ta bugi rumfar mai tsire, ta ba da haƙuri, ta wuce.

Abin da ya faru a fako daga bakin Mijinyawa na ji shi, makiyayin da rugarsa ke bakin fadama. Mutum ne da ba ya ƙara wa magana gishiri, don ita maganar ma ba sonta yake ba.

Ilu ya wuce kwari ko kallonsa bai yi ba, ya je ya kifa jinkar a kan tudun da ya fi ko'ina tsawo, don ya ga nama tun daga nesa. Darasin da ya ɗauka daga tamfol da zana shi ne turke ba abin dogaro ba ne. Amma ba a taɓa jin iska ta ɗauki magidanci mai nauyinsa ba. Saboda haka ya ɗaura igiya a tsinin jinkar ta ciki, ya zagaya ɗaya bakin a ƙugunsa, ya yi ƙulli uku. Ya juya kafar bindiga ta kalli yamma, ya zauna a inuwa da mutuncinsa yana jira nama ya zo.

Nama kuwa ya zo. Shanun Mijinyawa ne, sun fi hamsin, sun jiyo ƙamshin harawar gyaɗa tun daga bakin fadama suka bar hanyarsu. Wata farar saniya mai dogon ƙaho ce ta fara isowa, ta ja baki ɗaya, ta ɗaga kai ta sanar da 'yan'uwa. Kafin Mijinyawa ya ƙaraso sun kewaye tudun. Ya ga ɗaki inda jiya babu ɗaki, ya tsaya ya yi abin da ya kamata.

"Salamu alaikum, masu gida."

Can sai wata murya ƙasa-ƙasa ta fito ta cikin ciyawa.

"Kore su."

"Wa ke magana?"

"Ilu ne. Farauta nake. Kore su, kuma ka rage murya."

"Sannu da farauta, Malam Ilu. Ina kwanan iyali?"

"Lafiya lau. Kore su."

"Ya kaka?"

"Alhamdu lillahi. Mijinyawa, ɗakina suke ci."

"Ai na gani. Ni ban taɓa ganin an yi ɗaki da abincin shanu ba. Su ma ba su taɓa gani ba, shi ya sa suke murna."

Ya dai yi ƙoƙari, ya ɗaga sanda, ya kira su da sunayensu, amma saniyar da ta sa baki a harawar gyaɗa ba ta san sunanta ba. Da harawa ta ƙare ba su ga dalilin tsayawa ba, tun da ciyawar da ke ƙarƙashi ma sabuwa ce. Aikin Sulle na kwana shida ya fara fita tsinke-tsinke. Tagogi suka buɗe wa Ilu ta ko'ina. Ta ɗaya daga ciki wani harshe ya shigo ya lashe masa gumin ƙeya, ya ji gishiri, ya dawo.

Mijinyawa ya tsuguna ya leƙa ta wata tagar.

"Malam Ilu, wannan ba hular rumbu ba ce?"

"Aronta na yi."

"Rumbun da gero a ciki?"

"Ina ruwanka da gero, kai mai nono?"

"Ba ruwana. Na dai ga shanuna suna ɗaga hanci gabas tun ɗazu. In suka yi haka, ruwa ne."

"Shamuwa ta tafi."

"Ta tafi, gaskiya ne. Amma ita ba ta bar rumbu a buɗe ba."

Suna cikin wannan sai iska ta tsaya cik. Ko tsinke ba ya motsi. Ilu ya ce wa Mijinyawa ya zama shaida, yau mafaka ta yi wa iskar fako kwaf ɗaya. Kuma a daidai lokacin, don Allah ya nuna ikonsa, sai ga barewa uku sun ɓullo ta yamma, sun biyo sawun shanu. Suka tsaya bai fi taku talatin ba, kunnuwa a miƙe, suna kallon ɗakin da ake ci. Wannan kam gaskiya ce, Mijinyawa ya tabbatar, kuma ita kaɗai ce gaskiyar da Ilu ya samu a duk makon.

Ilu ya gyara bindiga, yana neman hanya tsakanin ƙafafun shanu.

"Malam Ilu, gabas ta yi baƙi."

"Barewa na yamma."

"Baƙi ƙirin, har ƙasa."

"Matsar mini da jar saniyar nan."

Ya ja kunama, bindiga ta ce ƙyas, ta yi shiru. Ya ja na biyu, ta sake ƙyas. Ya juyo da ita yana duba abin da ke damunta, sai ta tuna aikinta ta tashi ta tsinin jinka. Ƙarar ta kai Kurugu. Hayaƙi ya cika ɗaki, shanu suka watse, barewa suka zama labari. Kafin Ilu ya gama tari iskar hadari ta iso, ta samu tagogin da shanu suka buɗe mata, ta shiga ta yi sallama.

Jinka ta ɗaga, ta karkace, ta tsaya a gefenta, ta fara gangara tudu tana birgima kamar faifai. Ilu ya bi ta, tun da ƙulli uku ne. Mijinyawa ya ce da farko gudu yake a bayanta, sannan ya koma gefenta, daga baya kuma bai iya tantance wanda ke jan wani ba. Wani lokaci ƙafafu ne a sama, wani lokaci tsini. Takalmi ɗaya ya tsaya a fako, bindiga ta tsaya a sabara, su kuwa suka nufi hanyar Gwangwan.

A kan hanyar wata a-kori-kura ce ke tahowa cike da 'yan kasuwa, direba na sauri ya riga ruwa. Jinka ta tsallaka titi a gabansa ta faɗa kwalbati, Ilu ya biyo baya ya zauna a kanta. Direba ya taka birki. Mutum ashirin da wani abu suka sauko suka kewaye kwalbati, masu kaji da masu buhu, kowa na yi wa Ilu sannu. Wata tsohuwa ta tambaya ko gobara aka yi a garinsu. Ilu ya gyara wuyan riga ya ce a'a, farauta ce irin ta zamani.

Sulle na cikin motar. Shi ya sauko a ƙarshe. Bai kalli yayansa ba, jinkar ya kalla. Ya tsuguna ya taɓa wani ƙulli a jikin tsaikon da ciyawar ke ɗaure a kai, ya bi shi da yatsa.

"Yaya, wannan ɗaurina ne."

"Sulle, tsaya in yi maka bayanin yadda abin yake a ilimance."

"Me ke kan rumbu yanzu?"

"Taku talatin, Sulle. Ka tambayi Mijinyawa."

"Me ke kan rumbun?"

Ilu ya buɗe baki, sai ɗigon farko ya faɗo a bayan hannun Sulle, babba, mai sanyi. Sulle ya kalle shi. Ya cire takalmansa ya riƙe a hannu, ya yanki daji da gudu, ya bar kayansa a mota. Ilu ya yunƙura zai bi, igiya ta zaunar da shi. Ƙullin ya jiƙe ya ƙara ƙarfi, 'yan kasuwa suka koma mota don ruwa, direba ya ce shi ba ya ɗaukar fasinja mai ɗaki. Sai da Mijinyawa ya gama tattara shanunsa ya zo da wuƙa.

Ni ina gida a lokacin, don ganin hadarin na jefar da fartanya na rugo. Na tarar Turai da Adama sun riga ni, sun baro barka ko mayafi ba su ɗauko ba. Muka kwaso duk abin da ke da faɗi a unguwar, tabarmi, buzun sallah, fatar sa, murfin tukunya, har Maiturare ya kawo tamfol ɗinsa guda biyu. Duk wanda muka shimfiɗa iska ta yaye shi. Daga ƙarshe Turai ta ɗaure zani ta hau tsani da gwiwar nan tata mai ciwo, ta kwanta a kan tabarmin ta danne su da jikinta. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Muna ƙasa muna riƙe da tsani, muna jin yadda yake bi ta gefe yana shiga rumbu. Sulle ya iso yana haki, ya hau ya kwanta ta ɗaya gefen. Haka suka yi har ruwan ya gaji don kansa, wajen magariba. Shi ne ruwan ƙarshe na shekarar, bayansa ko yayyafi ba a sake yi ba.

Washegari rana ta fito tas, unguwa ta taru a gidan. Aka fara sauke gero. Wanda ya san gero ya san abin da muke gani. Damin da ya sha ruwa haka, ko an shanya shi sai ya yi baƙi, wani ya tsira, tuwonsa ya yi wari, kuma ba zai kai damina ba. Sulle na cikin rumbu yana miƙowa, mu muna karɓa. Bai ce a yi tuli biyu ba, amma duk damin da ya miƙo sai ya nuna inda za a ajiye. Na sama jiƙaƙƙu suka tafi hagu, suna tsiyaya. Na ƙasa da ruwa bai kai ba suka tafi dama. Da aka gama, tulin biyu sun yi kusan kai ɗaya.

Ilu ya fito daga ɗaki yana ɗingishi, gwiwoyi a goge, ƙugu ya yi shatar igiya. Ya gaida dattawa, ya gyara murya, ya ce yana so jama'a su fahimci cewa tsarin bai da aibu. Barewa sun zo, akwai shaida. Abin da ya ɓata aikin shi ne shanu, kuma nan gaba in za a sake, harawar wake ce ta dace. Ba wanda ya yi dariya, har Baba Maikuɗi, wanda ya sunkuyar da kai yana tona ƙasa da sanda.

Sulle ya sauko, ya kakkaɓe jiki, ya durƙusa gaban dattawa kamar yadda aka saba. Ya ce yana neman su zama shaida. Shekara tara ke nan tun rasuwar mahaifinsu suna tukunya ɗaya, bai taɓa kai ƙara ba, yau ma ba ƙara ya kawo ba. Yana da 'ya'ya huɗu da za su ci tuwo har wata kakar, saboda haka daga yau kowa ya ɗora tasa tukunyar. Yana faɗa na ga ya share ido da bakin riga. Ni na san Sulle, na san ba da son ransa ba ne.

"Sulle," in ji Ilu, "a kan hular rumbu? Ni fa yayanka ne."

"Shi ya sa, Yaya. Ban taɓa shiga gabanka ba, yau ma ba zan fara ba. Kai ne babba, kai za ka fara ɗauka." Ya nuna tulin hagu. "Na sama naka ne."

Ilu ya dubi dattawa ɗaya bayan ɗaya, yana neman wanda zai yi magana ya gyara masa ita, babu wanda ya ɗaga kai. Ya juya ya dubi Turai. Ita ta riga ta ɗora dami ɗaya a ka, ruwa na bin fuskarta, ta wuce ta gabansa tana jan ƙafa, ba ta kalle shi ba. Sannan Ilu ya sunkuya ya ɗauki nasa, ruwan na tsiyaya ta wuyan rigarsa, ya bi bayanta.